Haihuwar Guzuma: Romaniya da Dokar Hana Zubar da Ciki, 1966 zuwa 1989

A shekarar 1966, jarirai kimanin 274,000 aka haifa a ƙasar Romaniya da ke gabashin Turai. Da shekara ta zagayo, a 1967, adadin ya haura 527,000, wato ya kusa ninkawa. Ɗakunan haihuwa suka cika maƙil, har ta kai ana haɗa mata biyu a gado ɗaya. Abin da ya jawo haka takarda ce guda da gwamnati ta fitar a farkon watan Oktoba na 1966, wadda tarihi ya sani da Doka ta 770. Dokar ta haramta zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta kuma zauna daram har shekara 23.

Duk inda ake muhawara a yau kan ko hukuma ta halatta zubar da ciki ko ta haramta shi, da wuya a tashi ba a ambaci Romaniya ba. Masu goyon bayan halattawa suna nuna kaburburan matan da suka mutu a lokacin. Masu adawa kuma suna nuna abin da ya faru kafin dokar da bayanta. Kowane ɓangare yana da abin da ya riƙe, don haka ya kamata mu ji labarin daga tushe kafin mu ga abin da za a iya ɗauka a cikinsa.

Yadda abin ya faro

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Romaniya ta faɗa ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, tana bin sawun Tarayyar Sobiyat a kusan komai. Ita Sobiyat ta halatta zubar da ciki tun 1920, Stalin ya haramta a 1936, aka sake halattawa a 1955 bayan mutuwarsa. Romaniya ta bi sahu a 1957. Daga nan mace na iya zuwa asibitin gwamnati a watanni ukun farko na cikinta, ta biya ɗan kuɗi kaɗan, a yi mata aiki ta koma gida.

Lokacin ya zo daidai da wani babban sauyi a rayuwar mutane. Gwamnati ta karɓe gonaki ta mayar da su na gandu, ta gina masana'antu, ƙauyawa suka yi ta kwarara birni. Mata suka shiga aikin masaƙa da na kamfanoni kafaɗa da kafaɗa da maza, iyali guda na zaune a ɗaki ɗaya ko biyu a dogayen benaye. A irin wannan zama, mutane suka rage son yawan 'ya'ya. Sai dai hanyoyin tazarar haihuwa na zamani ba su wadata ba, ba a kuma wayar da kai a kansu ba. Zubar da ciki sai ya zama shi ne hanyar da akasari suka sani. A 1965 kaɗai an yi rajistar zubar da ciki sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari, alhali haihuwa ba ta kai 280,000 ba. Ke nan a kan kowane jariri ɗaya da aka haifa, an zubar da ciki huɗu.

A wannan shekara ta 1965 ne Nikolae Caushesku ya zama shugaban jam'iyyar kwaminis. Mutum ne mai dogon buri, wanda a ganinsa girman ƙasa yana ga yawan hannayen da za su yi mata aiki. Ƙidayar 1966 ta nuna mutanen Romaniya sun ɗan haura miliyan 19, kuma mace ɗaya a matsakaici ba ta kai ga haihuwar 'ya'ya biyu ba. Masana sun gabatar da shawarwari iri-iri, har da inganta tallafin iyali da gina wuraren renon yara. Shugabannin jam'iyya suka zaɓi hanya mafi sauri kuma mafi arha, wato hani.

Abin da dokar ta ƙunsa

Dokar ba ta rufe ƙofa ruf ba. Ta bar zubar da ciki ga macen da cikin ke barazana ga rayuwarta, da wadda aka yi wa fyaɗe ko wani muharraminta ya yi mata ciki, da inda ake tsoron wata mummunar cutar gado, da macen da ta haura shekara 45, da kuma wadda ta riga ta haifi 'ya'ya huɗu tana renonsu. Daga baya an sassauta shekarun zuwa 40, amma a 1985 aka mayar da su 45, aka kuma ɗaga adadin 'ya'yan zuwa biyar.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar manufar dokar. Da hujjar gwamnati ita ce alfarmar ran ɗan tayi, da ciki na biyar ko na shida bai bambanta da na farko ba. Gwamnatin Caushesku ba ta addini ba ce, ba kuma da sunan addini ta yi dokar ba. Kason 'ya'ya ta yanka wa kowace mace, kamar yadda take yanka wa kowace masana'anta yawan ƙarfen da za ta narka a shekara. Wadda ta cika kasonta, an sallame ta.

Sauran matakan suka biyo baya. Aka daina shigo da ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da sauran kayan tazarar haihuwa, suka ɓace daga kantunan magani. Aka ɗora ƙarin haraji a kan duk wanda ya haura shekara 25 ba shi da ɗa, namiji ne ko mace, da aure ko babu. Aka tsaurara sakin aure, har ta kai a 1967 auren da kotuna suka raba a duk ƙasar bai kai ɗari ba, alhali a shekarar da ta gabata dubbai ne. Macen da ta haifi goma kuwa ana ba ta lambar yabo ta Jarumar Uwa. Wadda aka kama ta zubar da ciki na iya shan ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, wanda ya yi mata aikin kuma hukuncinsa ya fi haka, in likita ne ya iya rasa aikinsa.

A shekarar farko kamar an ci nasara. Dokar ta zo wa mutane a ba-zata, matan da ke da ƙaramin ciki a lokacin ba su da wata mafita sai haihuwa. Amma tun daga 1968 adadin ya fara sauka, shekara bayan shekara. Zuwa 1983, yawan haihuwa a kan kowane mutum dubu ya koma daidai inda yake a 1966, kafin a kafa dokar. Mutane sun gano hanyoyinsu.

Bayan fage

Hanyoyin nan sun bambanta gwargwadon aljihu. Matar babban jami'i ko mai hanya tana iya samun likitan da zai rubuta cewa cikin na barazana ga lafiyarta, ko ya yi mata aiki a ɓoye da kayan asibiti masu tsabta. Kuɗin ƙasar ba su da wata daraja a irin wannan ciniki, don haka abin da ake miƙawa shi ne kwalin taba Kent ko gwangwanin kofi na waje. Masu zama kusa da iyakar Hungari ko Yugoslabiya kan sami ƙwayoyin da aka yi fasa-ƙwaurinsu.

Ma'aikaciyar masaƙa, da ɗaliba, da matar ƙauye, su ne suka faɗa hannun duk wanda ya ce ya iya. A kan teburin kicin ake yi, da bututun roba, da allurar saƙa, da saiwoyi, da ruwan sabulu ko wasu sinadarai da ake ɗurawa cikin mahaifa. Wasu matan da kansu suke yi wa kansu. Manufar yawanci ita ce a tayar da zubar jini, mace ta je asibiti ta ce ɓari ta yi, likita ya ƙarasa wankin ciki.

A nan ne dokar ta fi yin kisa. Hukuma ta san wannan dabara, sai ta sa ido a kan asibitoci. Idan aka kawo mace tana zubar da jini, ana iya kiran ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara ya zo ya yi mata tambayoyi. Akwai shaidu da yawa na matan da aka jinkirta yi musu magani sai sun faɗi wanda ya taɓa su. Likita ma a tsorace yake, domin in ya yi gaggawar taimako ana iya cewa da shi aka haɗa baki. Sanin haka ya sa mata da yawa suka riƙa zama a gida da zazzaɓi da ciwon mara, suna fatan abin zai wuce, har ƙwayoyin cuta su shiga jini, ƙoda ta tsaya. Kafin a kai su asibiti, aikin gama ya gama.

Alƙaluman da ma'aikatar lafiyar ƙasar ta tara sun nuna girman abin. Kafin dokar, mata kimanin 85 ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a kan kowace haihuwa 100,000. A 1989 adadin ya kai kusan 170, mafi muni a duk Turai, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na mace-macen daga zubar da ciki ta bayan fage suke. A shekarun 1980, mata wajen 500 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. Jimillar waɗanda suka rasu a tsawon shekara 23 ta kai kimanin 10,000. Da yawansu matan aure ne masu 'ya'ya biyu ko uku a gida. Waɗanda suka tsira da rai amma suka rasa mahaifa, ko suka daina haihuwa har abada, sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Duniya ba ta ce uffan ba. Caushesku ya ƙi shiga mamayar da Sobiyat ta kai wa Cekoslobakiya a 1968, wannan ya sa ƙasashen Yamma suka ɗauke shi ɗan gaban goshi. Shugaba Nixon na Amurka ya ziyarce shi a 1969, Sarauniyar Ingila ta karɓi baƙuncinsa a 1978. Wani abin mamaki ma, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a na 1974, a birnin Bukarest aka yi shi.

Ana wata ga wata

A farkon shekarun 1980 bashin waje da ake bin Romaniya ya haura dala biliyan 10. Caushesku ya ƙudiri aniyar biyansa kaf cikin 'yan shekaru, ko ana ha-maza ha-mata. Aka riƙa fitar da nama da hatsi da mai zuwa waje, aka bar 'yan ƙasa da katin rabon burodi da sukari da man girki. Ana ɗauke wuta kullum, ana rage ɗumin gidaje a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa da hunturu. Mata kan tashi tun asuba su bi layin madara. A daidai wannan lokaci kuma ana rushe tsofaffin unguwannin Bukarest ana gina wa shugaba wata ƙatuwar fada da aka kira Gidan Jama'a.

Cikin wannan ƙunci ne aka ƙara tsaurara dokar. Aka umarci likitoci su riƙa zuwa masana'antu suna duba mata a kai a kai, don a gano ciki tun yana ƙarami a yi masa rajista. Macen da aka rubuta tana da ciki, in lokaci ya yi ba ta haihu ba, sai ta yi bayani. Wasu likitocin sun riƙa kawar da kai, suna rubuta abin da zai kuɓutar da mace, amma kowa ya san 'yan leƙen asirin gwamnati, waɗanda ake kira Sekuritate, suna da kunnuwa a ko'ina.

Iyayen da suka haifi abin da ba za su iya ciyarwa ba, gwamnati ta nuna musu ƙofa: ku kawo, hukuma za ta rena. Haka gidajen renon yara suka cika. Ana kiransu gidajen marayu, amma mafi yawan yaran iyayensu na raye. Idan yaro ya kai shekara uku sai a tantance shi. Wanda aka ga lafiyarsa ƙalau a tura shi wani gida, wanda aka yanke cewa ba zai gyaru ba, ko da matsalarsa ba ta wuce harara-garke ko jinkirin magana ba, a kai shi wasu gidaje na can bayan gari inda abinci da magani da masu kula duk sun yi ƙaranci.

Bayan faɗuwar gwamnati, a 1990, 'yan jarida suka shiga waɗannan wurare, irin su gidan Cighid da ke kusa da iyakar Hungari. Hotunan da suka fito sun girgiza duniya: yara tsirara, ƙashi da rai, wasu ɗaure a jikin gadajen ƙarfe, suna ta kaɗa jiki gaba da baya, ba sa ko kuka domin sun saba ba mai zuwa. Yaran da ke hannun hukuma a lokacin sun haura 100,000. Ƙari a kan haka, an saba yi wa jarirai masu rama ƙarin jini kaɗan-kaɗan da sunan ƙarfafa su, da jinin da ba a gwada ba, da allurai da ake maimaitawa. Ta haka dubban yara suka kamu da cutar ƙanjamau, har ta kai a ƙarshen shekarun 1990 fiye da rabin yaran da ke fama da ita a Turai 'yan Romaniya ne. Wannan ita ce haihuwar guzuma da Bahaushe ke faɗa, ɗa kwance uwa kwance.

'Ya'yan doka

Mutanen Romaniya suna da sunan da suke kiran waɗanda aka haifa a shekarun farko na dokar, wato dekretsei, ma'ana 'ya'yan doka. Sun taso cikin cunkoso tun daga gadon asibiti. Ajinsu ya fi na yayyensu cika, gasar shiga sakandare da jami'a ta fi zafi, haka ma neman aiki da gida. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar, Cristian Pop-Eleches, ya bi diddiginsu a binciken da ya wallafa a 2006. Ya gano cewa in aka dube su a dunƙule, kamar sun fi na gabansu karatu, saboda matan birni masu ilimi su ne da suka fi zubar da ciki, yanzu kuma dole ta sa suka haihu. Amma in aka kwatanta yaro da takwaransa na gida irin nasu, 'ya'yan doka sun fi komawa baya a karatu da samun aiki.

A Disamba 1989 waɗanda aka haifa a 1967 suna da shekara 22. Da bore ya tashi a birnin Timishwara a tsakiyar watan, ya bazu zuwa Bukarest, matasan wannan zamani suna cikin waɗanda suka cika tituna. Ranar 25 ga Disamba aka harbe Caushesku da matarsa Elena bayan wata gajeriyar shari'ar soja. Washegari, 26 ga wata, sabuwar hukuma ta soke Doka ta 770 cikin rukunin dokokin farko da ta yi watsi da su.

A cikin shekara guda mutuwar mata masu ciki ta ragu da kusan rabi. A wannan shekara ta 1990 kuma asibitoci suka yi rajistar zubar da ciki kusan miliyan ɗaya, a kan haihuwa kimanin 315,000. Adadin bai sauka sosai ba sai da hanyoyin tazarar haihuwa suka wadata, aka buɗe asibitocin tsara iyali. Zuwa 2012 ya koma ƙasa da 100,000. A yau dokar ƙasar ta yarda da zubar da ciki har zuwa mako 14.

Su kuwa yaran gidajen reno, sun zama darasi ga ilimin likitanci. A farkon shekarun 2000 wasu masana daga Amurka suka ɗauki yara 136 daga gidajen Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka ci gaba da bibiyar su duka. Waɗanda suka sami gida kafin su cika shekara biyu sun fi sauran bunƙasa ta fuskar ƙwaƙwalwa da magana da shaƙuwa da mutane. A 2007 kuma, fim ɗin Cristian Mungiu, wanda shi ma an haife shi a 1968, mai suna Wata 4, Mako 3 da Kwana 2, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Labarin wasu ɗalibai mata biyu ne da ke neman mai zubar da ciki a 1987.

Abin da kowane ɓangare ya riƙe

Masu cewa a halatta suna kafa hujja da cewa hani bai kawar da zubar da ciki ba, sai dai ya kore shi daga asibiti zuwa kicin. Gwamnatin da ke da 'yan sanda a kowane lungu ma ta kasa hanawa, kuma talaka ce ta biya da ranta. Suna nuna yadda mace-macen suka hau bayan 1966 suka kuma sauko bayan 1989, a ƙasa ɗaya, da likitoci iri ɗaya.

Masu cewa a haramta suna da tasu amsar. Na farko, suna cewa zubar da ciki miliyan guda a shekara, a 1965 da 1990, shi ma bala'i ne, kuma duk lissafin da ya ƙirga uwaye ya manta da 'yan tayi bai cika ba. Na biyu, akwai dubban ɗaruruwan mutane a raye yau, da 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda ba don dokar ba da ba a haife su ba. Na uku, suna nuna Folan, wadda ta tsaurara dokarta tun 1993, da Ayalan, wadda ta hana har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 2018, amma duk da haka mutuwar mata masu ciki a ƙasashen biyu tana cikin mafi ƙaranci a duniya. A ganinsu, abin da ya kashe matan Romaniya shi ne yunwa, da mulkin kama-karya, da hana magani. Ɗaya ɓangaren kuma ya mayar da martani cewa a lokacin hanin dubban matan Ayalan sun riƙa hawa jirgi zuwa Ingila kowace shekara, na Folan kuma suna tsallaka iyaka ko su sayi ƙwayoyi ta intanet, alhali matar Romaniya a wancan lokaci ko fasfo ba ta da shi.

Tambayar ko ɗan tayi rai ne mai cikakken haƙƙi, kuma daga yaushe, alƙaluman asibiti ba za su amsa ta ba. Mu a nan mun san malamanmu sun daɗe da tattauna ta. Mazhabar Malikiyya da muka fi bi ita ce ta fi tsauri, tana hani tun daga shigar ciki. Wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun yi rangwame kafin kwana 120 in akwai uzuri, kuma an haɗu a kan haramci bayan busa rai, sai fa don ceton uwa. Dokar Nijeriya ma, a Arewa da Kudu, ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran mace.

Amma akwai abubuwan da tarihin Romaniya ya tabbatar, waɗanda mai goyon baya da mai adawa duk za su iya karɓa. Inda aka toshe hanyar tazarar haihuwa, zubar da ciki yakan yawaita, ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. An ga haka kafin 1966, an gani a lokacin dokar, an kuma ga raguwarsa da hanyoyin suka samu. Inda hukuma ta tilasta haihuwa ba ta tanadi abinci da magani da makaranta ba, yaran da ta ce tana so su ne suka fara shan wuya. Sannan macen da ta iso asibiti tana zubar da jini majinyaciya ce kafin komai. A Romaniya an sa ɗan sanda tsakaninta da likita, kuma da yawa daga cikin matan nan 10,000 tsoron wannan ɗan sanda ne ya zaunar da su a gida har lokaci ya ƙure.